Sunan da Na Samo a Kebbe

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ana sallame salla muka kama hanyar tasha, ni da ɗiyata da wani maƙwabcina da ke koyar da Hausa a sakandare. Masu bibiyar shafin nan sun saba ganin hoton kaftani da wando, domin ɗinki ne sana'ata. Yau ba ɗinki zan nuna muku ba. Da yawanku sun san matata ta rasu a farkon daminar nan, sun kuma yi mini ta'aziyya, Allah ya saka da alheri. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kurma ce, ba ta ji, ba ta magana da baki. 'Yar Kebbe ce. Da hannu muka yi zaman aurenmu, da shi muka yi shawara, da shi muka yi faɗa muka shirya.

Ɗiyar da ta bar mini tana ji sarai. Kafin rasuwar, da baki take yi mini magana, ta juya ta yi wa uwarta da hannu, ba ta taɓa haɗa su ba. Tun ranar da aka fita da gawar bakinta ya rufe. Hannun kawai ya rage.

Gida ɗaya muke da yayana. Malami ne, yana karantar da nahawun Larabci a zaure, kuma shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Da ya ga halin yarinyar sai ya kafa doka cewa duk wanda ta yi wa nuni da hannu ya kau da kai, har sai ta buɗe baki. Hujjarsa ita ce malaman nahawu tun a shafin farko sun ce magana lafazi ce, sautin da ya fito daga baki, nuni kuwa ko an fahimce shi bai shiga cikin magana ba. Ya ce in aka biye wa hannun, za ta zama bebiya da kunnenta lafiya. Ya kuma yanke cewa ranar Juma'a za ta koma ɗakin matarsa, cikin 'ya'yansa masu surutu, inda babu mai amsa hannu. A tsakar gida na bi dokar, don ban saba ja da shi ba. A cikin ɗaki nakan amsa mata. Sai dai akwai wani nuni da take yawan yi wanda ban sani ba: ta haɗa babban yatsa da manuni, ta kai su gefen kanta na dama, saman kunne, ta ɗan tura. Na ɗauka ciwon kai ne, har na kai ta kemis. Mai kemis ya ce lafiyarta lau.

Na ce wa yayana zan kai ta Kebbe ta gaida kakarta kafin Juma'ar. Bai hana ba.

A tasha muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, mai suyar kuma ta riga ni ƙorafi, don haka ban ce komai ba. Kuɗin mota ma ya ninka na bara. Direban ya ɗora laifin a kan fetur, yaron mota ya ɗora a kan hanya, da muka shiga hanyar na ga dukansu suna da gaskiya. Motar tsohuwa ce, ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Mu huɗu a kujerar baya, ga yarinyar a cinyata, ga wani dattijo ɗan Sanyinna rungume da buhun iri kamar jariri, ga wata mata daga Dogon Daji da kaji biyu a ƙarƙashin ƙafarta.

Da aka bar kwalta gari ya fara wayewa. Gero ya yi kai ko'ina, dawa na biye, wake ya rufe ƙasa a tsakaninsu. Matan Fulani na tafe a gefen hanya da ƙoren nono, ba su ko waiwayar mota. Ruwan sama ya ci hanyar a wurare da yawa, sai direba ya sauka cikin gonar wani ya sake hawowa. Yarinyar ta manna goshi da gilashi, in ta ga shanu sai ta ɗaga yatsu biyu a gefen kai ta dube ni, ni kuma in gyaɗa kai. Babu mai hana mu a nan.

Maƙwabcina ya biyo mu ne don ya ce yana son ganin kuramen Kebbe da idonsa. Ya yi karatun harshe a jami'a, kuma in ya fara bayani sai dai hanya ta ƙare. Ni iyakata firamare da allo, don haka abin da na riƙe kaɗan ne, zan faɗe shi yadda na fahimta. Ya ce tun zamanin da can mutane ke tambayar daga ina magana ta fito. Wasu mutanen ƙasar Indiya sun zauna sun jera sautuka tun daga maƙogwaro har leɓe, saboda tsoron kada addu'arsu ta karkace. Wasu a ƙasar Girka sun yi ta gardama ko sunan abu yana manne da shi ne tun halitta, ko kuwa mutane ne suka yarda a kira shi haka. Malaman Larabawa ma sun yi irin wannan gardamar, wasu suka ce Allah ne ya koyar da sunaye duka, wasu suka ce yarjejeniyar mutane ce, suka kuma riƙa barin birni suna bin makiyaya cikin sahara don su ji Larabcin da bai gauraya ba.

Dattijon Sanyinna ya saurara har nan, sannan ya gyara buhunsa ya ce, “Malam, su waɗanga mutane duk ba su da gona?”

Motar ta ɗauki dariya, har direba. Malamin bai ji haushi ba, ya ce da alama suna da masu yi musu noma, ya ci gaba. Ya ce ana ba da labarin wani sarki da ya so ya gano harshen farko na ɗan Adam, sai ya sa aka ware jarirai, a ba su abinci, a yi musu wanka, amma kada kowa ya yi musu magana ko ya amsa musu, don a ji wane harshe zai fito daga bakinsu da kansa. Babu harshen da ya fito. An ce yaran ramewa suka yi ta yi har suka mutu. Ya ƙara da cewa a makarantun kurame na Turai an daɗe ana hana yara nuni, ana sa su zauna a kan hannayensu don a tilasta musu motsa baki, sai daga baya masana suka duba da kyau suka yarda cewa maganar hannu harshe ce cikakkiya, mai ƙa'idarta.

Na dubi wuyan hannun ɗiyata. Awarwaron da ke kama ta da sallar bara yanzu yana zamewa har tsakiyar tafi. Na ce, “Malam, ya isa haka nan.” Ya dube ni, ya dube ta, ya bar zancen.

Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a wani kwazazzabo mai laka. Maza muka sauka muka tura, tayar ta yi ta juyawa tana feshe mu, kajin matar Dogon Daji na kuka a ciki. Da direba ya ce sai an nemo shanu su ja ta, muka tsayar da 'yan kabu-kabu biyu. Kafin mu hau, na ja malamin gefe na yi masa tambayar da ke cina: shin littafin yayana ƙarya ya yi? Ya ce a'a. Mai nahawu aikinsa auna wasalin ƙarshen kalma, abin da ba shi da sauti ba ya shiga ma'auninsa, shi ya sa ya fitar da shi tun farko. Amma malaman fiƙihu, waɗanda ke hukunta ciniki da aure da saki, sun karɓi nunin bebe in ana fahimtarsa. Na juya maganar a raina a kan babur. Ni ma a shagona abin da bai bi ta ƙarƙashin allurar keke ba ba na kiransa aikina, amma ban taɓa cewa hular da aka ɗinka da hannu ba hula ba ce.

Sauran hanyar ƙugu ne ya biya. Mun wuce shingen 'yan sa-kai, suka dube mu suka ɗaga igiya, ɗayansu ya ja mana kunne mu juyo da sauran rana. Mun isa Kebbe da hantsi, ranar kasuwa ce. Babura sun fi mutane hayaniya. Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa, ana dafa ta a bakin hanya, ga masara a kan garwashi, ga tumaki da awaki a can gefe ana ta murza musu baya. Hatsi tsohon ajiya ya yi tsada, kowa na jiran kaka.

Yayan marigayiya shi ma kurma ne, yana facin taya a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, a ƙarshen kasuwa. Ranar kasuwa kuramen ƙauyukan kewaye nan suke taruwa. Rabona da wurin tun ina neman aure, domin in mun zo gaisuwa gida nake wucewa. Daga nesa na hango su, sun kai goma, wani mahauci da wuƙarsa a ɗamara, wani makiyayi da sanda a kafaɗa, wata dattijuwa mai daddawa. Babu sauti sai na guduma da dariya, amma hannuwa na ta tashi, kowa na katse kowa.

Yayan marigayiyar ne ya fara ganinmu. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya buga ƙafa a ƙasa don sauran su waiwayo, ya nuna ni. Sannan ya haɗa babban yatsa da manuni, ya kai gefen kansa na dama, saman kunne, ya ɗan tura.

Na tsaya cak. Yarinyar ta zare hannunta daga nawa ta ruga wurinsa. Da na ƙarasa muka gaisa, na maimaita nunin, na buɗe tafin hannu, wato mene ne wannan. Ya dube ni kamar ina wasa. Da ya ga da gaske nake, sai ya miƙo hannunsa mai baƙin mai, ya zare wani abu daga gefen hulata, ya ɗora mini a tafi. Allura ce, da guntun farin zare. Tun ina yaron shago nake soke allura a nan in na gama sa maɓalli, har na daina sanin ina yi. Ya nuna allurar, ya nuna ƙirjina, ya sake yin nunin.

Sunana ne. Kurame ba sa kiran mutum da sunan yanka, sukan duba wani abu nasa su sa masa suna da hannu, kuma da wannan duk Kebbe ta san ni. Makonnin nan da yarinyar ke tsayawa a tsakar gida tana taɓa gefen kanta, mutane na kau da kai, ni take kira.

Aka ba ni benci na zauna. Ba zan faɗi abin da na yi a kan bencin ba. Sun bar ni har na gama, babu wanda ya dube ni, sai dattijuwar da ta tura mini kofin ruwa da ƙafa.

Daga nan suka yi mini ta'aziyya irin tasu. Kowa ya taɓa kumatunsa na hagu da yatsa, sunan marigayiya ke nan saboda ɗan ramin da ke fitowa in ta yi murmushi, wannan kam na san shi. Sai ya ba da labarinta. Rabin abin da suke faɗa ya wuce ni, don hannunsu ya fi nawa sauri nesa. Na dai gane na mahaucin, wanda ya nuna yadda tana yarinya ta bi shi da muciya saboda ya rage mata nama a awo. Ɗiyata kuwa tana tsakiyarsu, hannunta na gudu irin yadda ban gani ba tun rasuwar. Tana tambaya, tana musu, har ta gyara wa makiyayin wani abu, aka fashe da dariya. Ta cinye masara guda, ta nemi ƙari.

Malamin ya fito da wayarsa yana son ɗaukar su. Yayan marigayiya ya amince, amma ya fara sa masa suna: ya buɗe yatsu huɗu da babban yatsa a gaban baki yana haɗawa yana buɗewa da sauri. Ba sai an fassara ba. Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya karɓa. Wani saurayi a cikinsu da ya yi makarantar kurame a birni ya nuna mana cewa hannun makaranta daban, na kasuwa daban, kuma dattawan na yi masa tsiya in ya kawo na makaranta. Malamin ya ce kamar mu ne da Hausar rediyo.

Da azahar muka shiga gida. Surukata ta rungume jikarta ta daɗe ba ta sake ta ba. Aka kawo mana hoce, gasasshen curin garin dawa, da miyar sure, wato yakuwa, a zaure, da fura mai sanyi daga randa. Bayan mun ci na je bakin ƙofar ɗakinta na durƙusa, ita tana ciki bayan labule, kamar yadda muka saba. Na ba ta labarin allurar, na ce shekarun nan duka ban taɓa ganin ɗiyarta ta yi wannan nunin ba.

“To wace mace ka kiran sunan mijinta gabanai?” in ji ta. “Ai ita ta sa maka shi, tun zuwanka na farko. Da aka ɗaura aure ta bar yin shi inda kake. Sai in ka fita, ta riƙa gaya ma ɗiyar, wane ya tafi shago, wane na nan tafe.”

Ta ce labarin dokar gidanmu ya iso mata, in na ga dama in bar yarinyar a Kebbe, ga kawunta, ga masu amsa mata. Na san don tausayi ta faɗa, kuma na yi ta auna maganar. Na ce, “Inna, a yi mini haƙuri. Ni take kira. In na bar ta nan, ta kira wa?” Ta ce Allah ya yi mana albarka. Ta ba mu ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa.

Mun juyo da sauran rana kamar yadda aka gargaɗe mu. Motarmu ta safe tana nan inda muka bar ta, an dai samo shanun. Wata muka samu mai ɗaukar awaki, muka zauna a gaba. Malamin bai yi bayanin komai ba a dawowa. Yarinyar ta yi barci a ƙirjina, hannunta na motsi kaɗan-kaɗan.

Mun shigo gida bayan la'asar, yayana na zaure, ɗalibansa sun tashi. Na tura yarinyar ciki, na zauna ƙasa a gabansa na gaishe shi. Ya tambayi hanya da mutanen Kebbe. Sannan ya ce matarsa ta gyara wa yarinyar wurin kwana.

Na ce, “Yaya, ba za ta koma ba. Tana wurina. Kuma daga yau in ta yi mini magana da hannu zan amsa, a ɗaki ko a tsakar gida.”

Ya ajiye littafin da ke hannunsa. “Kai ka san abin da nika gudu. So kake ta tashi bebiya?”

“Ina son ta yi magana da baki, Yaya, fiye da kowa. Amma ba ta hanyar a yi mata shiru ba.”

“Nuni ba magana ba ne. Ba ni na faɗa ba, malamai sun rubuta tun kafin a haifi kakanmu.”

“Na yarda sun rubuta, kuma ban kai in yi musu gyara ba. Amma uwarta ta zauna gidan nan tana gaishe ka kowace safiya da hannu, kana amsawa. Ta ji kunyar sunana da hannu, har ta koma ga Allah ba ta faɗe shi gabana ba. In duk wannan ba magana ba ne, to ban san da wa na zauna ba.”

Ya daɗe yana dubana, irin duban da yake yi mini tun ina yaro in na yi laifi, ni kuwa ban sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwata. Daga ƙarshe ya ce ɗiyata ce, in abin ya lalace kada in zo masa da kuka. Na ce na ji. Bai janye ra'ayinsa ba, har yau kuma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Mutane sun yi dubban shekaru suna tambayar mene ne magana, kowanne ya auna da ma'aunin aikinsa, kuma ban raina ko ɗaya ba. Wasu sun hau raƙumi sun bi makiyaya don su ji ta daga tushe, ni babur na hau zuwa gindin bedi. Abin da na gani a can shi ne, inda duk wani ya kira wani ya amsa, akwai harshe a wurin. Na yi niyyar duk ranar kasuwar da hanya ta yi kyau zan rufe shago in kai ta, ni ma in zauna in koyi abin da ya wuce ni.

Har yau ba ta yi magana da baki ba, ban kuma matsa mata ba. Jiya da safe ina ɗaure takalmi zan fita shago, matar yayana na shara, 'ya'yansa na karin kumallo, shi kuma yana alwala a bakin rijiya. Yarinyar ta fito ƙofar ɗaki, ta haɗa yatsu biyu ta kai gefen kanta. Na bar takalmin, na miƙe tsaye inda kowa zai gan ni, na dafa ƙirjina da tafin hannu. Ga ni.